Ranar da Akwatin Safiyanu Ya Yi Shiru

Safiyanu ya sake jan tsirkiya mai kaurin nan da babban yatsa, ya karkata kunne wajen akwatin. Babu komai. Tsirkiyar tana rawa a ƙarƙashin yatsansa, jar fitilar amfilifaya tana ci, ƙaramin injin da ya tayar a tsakar gida yana ta kuka, amma akwatin sipikar da ya saba girgiza kwanukan matarsa Rahmatu ya yi gum.

Ya murɗa sauti har ƙarshe. Ya zare waya, ya hura bakinta, ya goge a gefen riga, ya mayar. Ko ɗan gurnanin nan da akwati ke yi kafin a fara kiɗa bai ji ba.

Asabar ce, kuma bayan azahar ƙungiyarsu ke da wasa a Ikara, bikin 'yar wani babban dillalin tumatir. Tun da aka shiga kaka ake zancen bikin nan, don an ce har daga Kano da Kaduna manyan baƙi za su zo. Safiyanu shi ne mai jitar bes, wato mai kaurin muryar nan, a ƙungiyar. Ya koye ta ne a Wusasa lokacin da yake koyon kafinta, a wurin wani maƙwabcinsu mai kiɗa a coci. Akwatin ma da hannunsa ya haɗa shi da katako mai kauri, ita kuwa sipikar da ke ciki, raken gonarsa na shekara guda ya sayar ya sayo ta a Sabon Gari. A duk faɗin Makarfi da Kudan babu mai irin muryarta.

Ya ɗauki waya ya kira Yahuza, mawaƙin ƙungiyar. Tare suka tashi, tare suka kafa ƙungiyar, daga baya kuma Yahuza ya auri ƙanwarsa Zulaihatu ya kai ta Kudan.

"Mutumina, an tashi lafiya? Ya gida, ya Zulai?"

"Lafiya lau. Ga mu nan muna loda kaya a mota."

"To akwai matsala fa. Akwatina ya ƙi magana. Tun ɗazu nake fama da shi."

Yahuza ya ce, "Assha. Ai ka san kayan wuta ba su da amana. Kada ka wahalar da kanka, ka huta yau kawai. Shamsuddeen zai riƙe bes ɗin a fiyano."

"In huta? Yau? Ku dai biyo ta Makarfi ku ɗauke ni, ko a hanya sai mu duba."

"Motar ta cika, wallahi ko wurin sa ƙafa babu. Bari, ana kirana. Sai mun dawo."

Safiyanu ya tsaya yana kallon wayar. Wani abu ya ɗan tsaya masa a rai. Yahuza mutum ne mai yawan tambaya, ko tsirkiya ce ta tsinke sai ya ji dalili. Yau ko "me ya same shi" bai ce ba. Ya kawar da tunanin, ya ce hidima ce ta yi masa yawa. Ya kashe inji, ya ɗora akwati da amfilifaya a bayan babur ya ɗaure da roba, ya rataya jita a baya, ya nufi kasuwa.

Shagon Malam Tukur yana bakin kasuwar Makarfi, tsakanin mai sayar da mazarƙwaila da masu cajin waya. Dattijo ne mai furfura, tsofaffin rediyoyi da talabijin sun cika shagon har rufi. Safiyanu ya durƙusa suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gona da farashin rake, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Don Allah, Baba, a taimaka. Bayan azahar nake so in kasance a Ikara."

"To, bismillah. Shigo da shi," in ji Malam Tukur. "Amma ba a fara zargin babba sai an sallami ƙanana. Kawo jitar."

Ya jona jitar a amfilifaya, ya jona amfilifayar a wata 'yar sipikar gwaji da ke rataye a bango. Safiyanu ya taɓa tsirkiya, 'yar sipikar ta amsa da ƙaramar murya kamar ta ɗan akuya.

"Jita lafiya, amfilifaya lafiya," in ji dattijon. Ya karɓi wayar da ke haɗa amfilifaya da akwati, ya ɗora mata bakin mita nan da can. Mita ta yi tsuwa. Ya lanƙwasa wayar, ya murɗa ta, tsuwar ba ta yanke ba. "Ita ma ta fita. Saura gidan."

Ya kwance ɗan farantin da ke bayan akwatin, inda ake cusa waya, ya haska da tocila. Dalma tana nan daram, babu abin da ya tsinke. Suka kwantar da akwatin rigingine, suka cire ragar gaba. Malam Tukur ya ɗora sukundireba a kan noti na farko, sai ya dakata, ya gyara tabarau.

"Kai ka buɗe shi kwanan nan?"

"A'a. Tun ranar da na ɗaure shi ban sake taɓawa ba."

"To wani ya taɓa. Dubi kawunan notin nan, duk an cinye su. Kuma sabon ci ne, ga ƙarfe yana ƙyalli."

Safiyanu ya sunkuya ya duba.

Da suka gama kwancewa, Malam Tukur ya ɗaga gefen sipikar ya zare wayoyinta biyu. Ya ɗauko ƙaramin batir ya taɓa a inda wayoyin suka fito.

"Mai rai, da ka taɓa mata batir za ta ce dum, fatar ta yi tsalle," ya ce. Ya sake taɓawa. Fatar ba ta ko motsa ba. Ya shimfiɗa yatsu ya danna ta a hankali, sai aka ji ƙarar gogayya daga ciki, kamar ana murza yashi a kwano. Ya kai hanci ya shinshina. "Kwayil, naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone ƙurmus. Kuma ba yau ba, don har warin ya kwanta."

"Baba, ta yaya? Wasan ƙarshe da muka yi a Kudan, har aka tashi tana kiɗa garau."

"Ɗago ta mu gani."

Safiyanu ya sa hannu biyu, ya tattara ƙarfi kamar yadda ya san nauyinta, ya ɗaga. Sai ta taso masa sakayau, har ya kusa yin baya. Ya juya ta. Mayen ƙarfen da ke bayan tasa ya kai faɗin faifai, da shuɗin tambari a tsakiya. Wannan kuwa bai wuce murfin kofi ba, ga tsatsa ta zagaye shi. Ta gaba ne kawai suka yi kama, baƙar fata iri ɗaya, faɗi ɗaya.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce.

Malam Tukur ya matso kusa. Idonsa yana kan wani ɗan gicciye da aka yi da jan farce a gefen ƙarfen. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Ka san ta, Baba?"

"Hannuna ne wannan. Duk wadda na duba na ga ba ta gyaruwa, haka nake yi mata alama, don kada a zagayo a sake kawo min ita."

"Wa ya kawo ta?"

Dattijon ya shiga tattara notina yana zubawa a murfin gwangwani, kamar bai ji ba. Can ya ce, "Wanda ya kawo ta ya ce ya sayi sabon babban akwati, ranar farko ta ƙone masa. Yana so in naɗa mata sabon kwayil kafin wani babban biki. Na ce masa ko na naɗa ba za ta ɗauki nauyin da yake so ba. Sai ya tambaye ni wace iri ce za ta ɗauka." Ya nisa. "Na ce masa irin taka. Da zuciya ɗaya na faɗa, Allah ya sani."

"Yahuza ne."

"Ni dai ban kira suna ba. Amma ƙanwarka tana gidan mutane, Safiyanu. Duk abin da za ka yi, ka yi shi da hankali."

Safiyanu ya zauna a kan benci. A waje ana ta cinikin mazarƙwaila, wata mota tana hon, amma shi kamar an toshe masa kunne. Ya tuna ranar wasan Kudan, hadari ya taso, Yahuza ya ce a bar akwatin a gidansa kada ruwa ya taɓa shi. Ya tuna ranar da Yahuza ya dawo masa da shi har gida, ya rungumo shi shi kaɗai daga mota zuwa ɗaki, yana cewa, "Bari, bari, kai da ka yini a gona." Har godiya ya yi masa. Har rake ya ɗaure masa ya kai wa Zulai. Shi kansa da safen nan da ya ɗora akwatin a babur ya ji kamar ya yi sauƙi, amma hankalinsa na kan sauri.

Ya miƙe. "Baba, a ajiye min akwatin da jitar a nan. A ara min sukundireba da buhu."

Malam Tukur ya dube shi da kyau, ya miƙa masa. "Sukundireba ce, ba wuƙa ba. A yadda ka karɓe ta nake so ka dawo min da ita."

Ya cusa matacciyar sipikar a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar Ikara. Gonakin rake suna wucewa dama da hagu, motocin tumatir suna tsere da shi, kwanduna jere har sama. Duk tsawon hanyar yana shirya maganar da zai faɗa, yana rushewa. Wani lokaci ya ga kansa ya fizge makirfo a hannun Yahuza ya faɗa wa duniya. Wani lokaci kuma ya ce wa kansa ƙila akwai bayani, ƙila wani yaro ne ya yi ba da sanin Yahuza ba. Ya yi sallar azahar a wani masallacin bakin hanya, ya ci gaba.

Tun kafin ya hango rumfunan biki ya ji ta. Sautin ya biyo ƙasa ya shigo masa ta tafin ƙafa ya tsaya a ƙirji, mai kauri, mai zurfi, babu kwaramniya. Ko a cikin dubu ba zai kasa gane muryar nan ba. Sai dai yau ba yatsunsa ke sa ta magana ba, hannun hagun Shamsuddeen ne a kan fiyano, yana maimaita abu ɗaya kamar injin niƙa.

Ya kafe babur a gindin wata darbejiya, ya tsaya daga nesa. Fili ya cika maƙil, mata sun sha ado suna rawa a tsakiya, ana ta liƙi. Can a gaba ga wani dogon akwati mai ƙyalli da bai taɓa gani ba. A bayan makaɗan an ɗaure sabon ƙyalle, amma ba sunan ƙungiyarsu ba ne a jiki. Hoton Yahuza ne shi kaɗai, da sunansa cikin manyan haruffa.

Ba ƙyallen ne ya fi yi masa ciwo ba. Makaɗan duka, daga mai ganga har mai riƙe waya, suna sanye da anko, sabuwar shadda ruwan toka da aiki iri ɗaya a wuya. Safiyanu ya san telolin garin nan, ba a ɗinka irin wannan a kwana ɗaya. An sayi yadi, an je an gwada kowa, an koma an karɓo. Shi babu wanda ya tambayi awonsa. Ke nan tun kafin akwatinsa ya yi shiru an riga an san ba zai zo ba, kuma kowa ya sani. Jiya-jiyan nan ya sha shayi da mai ganga a tasha, suna ta raha.

"Yaya."

Ya waiwaya. Zulaihatu ce ta fito daga rumfar mata, goye da ɗanta, ta rusuna.

"Yaya, ina wuni. Ya su Anti Rahmatu?"

"Lafiya lau."

Ba ta yi mamakin ganinsa ba, tsoro ne a fuskarta. Idonta ya sauka a kan buhun da ke bayan babur, ya koma kan sukundirebar da ta leƙo daga aljihunsa, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ashe kin sani," ya ce.

"Ya ce aro ne. Ya ce da an gama bikin nan shi da kansa zai zo ya yi maka bayani."

"A gidanki aka kwance ta?"

"A zaure."

"Kin zo gidana cikin satin nan, Zulai. Kin yini, kin ci tuwo, kin zauna a kan akwatin nan kina ba yaron nan nono. Ba ki ce min komai ba."

Hawaye ya cika mata ido. "Mijina ne, Yaya. Me zan ce?" Ta share fuska da sauri, ta waiga ko wani na kallo. "Don Allah, don darajar iyayenmu, kada ka tozarta shi a gaban mutanen nan. In ka yi, kai gida za ka tafi. Ni ce zan koma Kudan tare da shi."

Safiyanu ya dubi yaron da ke barci a bayanta, kansa ya langaɓe gefe. Ranar sunansa shi ya yi kiɗa tun safe har yamma, yatsunsa suka yi kanta.

"Koma cikin mata," ya ce.

"Yaya..."

"Na ji. Koma."

Ya zauna a kan saiwar darbejiya. Daga nan ya saurari wasan gaba ɗaya. Ya ji Yahuza yana wasa mai biki da danginsa, ya ji waƙoƙin da suka tsara tare a zauren gidansu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana shewa. Wata mata da ta san shi ta wuce ta ce, "A'a, mai jita, yau hutu ake?" Ya ce mata eh. Aka tsaya la'asar, ya bi jam'i a sahun baya, ya dawo mazauninsa. Sai da rana ta yi sanyi, aka raka amarya cikin gida, masu kujeru suka fara tattarawa, sannan ya kwance buhun ya saɓa a kafaɗa.

Mai ganga ne ya fara hango shi, sai ya duƙa yana neman wani abu a cikin jaka. Shamsuddeen ya shiga naɗe waya da sauri. Yahuza yana goge gumi da ƙaramin tawul, ya juyo, murmushi ya zo masa a makare.

"A'a, mutumina, ashe ka samu zuwa. Ya akwatin, an dace?"

"An gano ciwon."

Ya sauke buhun a gabansa, ya buɗe baki yadda jan gicciyen zai fito fili. Yahuza ya duba, ya kawar da kai. Ya kama hannun Safiyanu ya ja shi gefen dogon akwatin, ya rage murya.

"Ka tsaya ka ji. Aro na yi, wallahi aro. Biki ya matso, tawa ta ƙone, ba ni da yadda zan yi. Da na tambaye ka, na san cewa za ka yi sai dai ka zo da jitarka. Mutanen yanzu kuma fiyano suke so, mai bikin da bakinsa ya faɗa. Na rasa ta inda zan fara gaya maka ne kawai."

"Sai ka fara ta zauren gidanka."

"Haba, Safiyanu."

"Da ka ce min in bar ƙungiya, da na bari," in ji Safiyanu. Bai ɗaga murya ba. "Da ka ce in ba ka sipika, da hannuna zan kwance in kai maka har Kudan. Ka san haka. Amma ka ɗauko min gawa ka shigar min har ɗaki, na yi maka godiya. Ka bar ni tun safe ina hura waya kamar mahaukaci, na kira ka, ka ce kayan wuta ne ba su da amana."

Yahuza ya waiwaya. Ya dubi yaransa, duk sun ba da baya. Can bakin rumfar mata Zulaihatu tana tsaye, ta dafe ƙirji.

"Na yi kuskure. Za mu zauna a gida mu yi magana. Amma gobe muna da wasa a Malikanci, an riga an sa rana. Ka bari mu sauke wannan, jibi in kawo maka ita da kaina."

"Ga taka nan a buhu."

Ya durƙusa a gaban dogon akwatin, ya ɓalle ragar. Sipikarsa tana nan ciki, fatarta da ɗumi saboda aikin yini. Ya shafa ta da bayan hannu, ya zaro sukundireba ya ɗora a kan noti na sama, ya fara murɗawa a hankali don kada ya ƙara cinye kan.

Da notin ya fito, sai ya ga tafin hannu a buɗe a gefensa. Yahuza ne ya tsuguna kusa da shi. Haka suke yi tun suna samari, duk abin da za a kwance, Safiyanu na murɗawa, Yahuza na tara hannu yana karɓar notina kada su ɓace a ƙasa. Da alama shi kansa bai san ya miƙo hannun ba.

Safiyanu ya dubi hannun. Ya miƙa nasa sama, ya ajiye notin a kan akwatin, ya koma kan na biyu. Hannun Yahuza ya daɗe a buɗe a wurin, sai da noti na uku ya hau saman akwatin sannan ya janye shi a hankali, ya cusa a aljihun sabuwar shaddarsa.